Zaƙami Da Kayan Maye Masu Sa Gane-gane: Yadda Suke Aiki A Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Zaƙami ba baƙon tsiro ba ne a ƙasar Gaya da Ajingi, can gabashin Jihar Kano. Da zarar damina ta zauna, akan gan shi ya fito a kan juji, ko cikin kango, ko inda aka taɓa ɗaure dabbobi, ba tare da wani ya shuka shi ba. Yana da faffaɗan ganye mai wari, furensa dogo ne mai siffar kakaki, ɗansa kuma dunƙulalle ne mai gajerun ƙayoyi, cike da 'ya'ya. Dabbobi kan ƙyale shi su ci gaba da kiwonsu. Cikin mutane kuwa akwai masu nemansa don magani, akwai kuma samarin da kan neme shi don maye.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Tun a shekarar 1916, wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, inda ya kawo zaƙami tare da sauran sunayensa, watau babba-jibji da haukata-yaro. Na farkon ya faɗi inda tsiron yake fita, na biyun kuwa ya faɗi abin da yake aikatawa.

Dalilin ɗauko wannan batu shi ne, a 'yan shekarun nan labari ya bazu cewa masana a Turai da Amurka sun gano wasu kayan maye masu sa gane-gane suna gyara ƙwaƙwalwa, har ana gwada su wajen maganin ciwon damuwa. Labarin yana da tushe. Amma tun da zaƙami shi ma yana sa gane-gane, mai sauraro na iya zaton duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da kowannensu yake yi idan ya isa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, domin a ga inda suka yi kama da inda suka raba hanya.

2.0 Matsalar Kalmomi

Bahaushe yakan tara giya da wiwi da sholisho da ƙwaya da zaƙami a ƙarƙashin suna ɗaya, watau kayan maye, wanda ya sha su kuma a ce ya bugu. Wannan rabo ya dogara ne a kan abin da ido yake gani: mutum ya fita daga hayyacinsa. Masana kimiyya kuwa sukan raba su ne bisa ga wurin da kowane sinadari yake taɓawa a cikin ƙwaƙwalwa.

A cikin masu sa gane-gane, rukuni biyu ne suka shafi wannan bayani. Rukuni na farko shi ne wanda wani likitan taɓin hankali, Humphry Osmond, ya raɗa wa suna saikedelik a shekarar 1956, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar bayyanar da abin da ke cikin zuciya. A nan ake samun LSD da silosaibin da meskalin. Rukuni na biyu shi ne na masu gusar da hankali su jefa mutum cikin ruɗewa da sambatu, kuma a nan zaƙami yake.

Akwai wata matsalar kuma. Kalmar ƙwaya tana nufin abin da ake haɗiya, tana kuma nufin ƙanƙanen ginshiƙin da aka gina jikin mai rai da shi. Don guje wa rikici, a wannan maƙala duk inda aka ce ƙwaya, ta ƙwaƙwalwa ake nufi, abin da ake sha kuwa za a kira shi sinadari ko kayan maye.

3.0 Yadda Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Suke Magana Da Juna

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, bisa ga ƙidayar da masana a ƙasar Barazil suka fitar a 2009. Kowace ƙwaya tana da gangar jiki, da rassa masu yawa kamar na itace waɗanda suke karɓar saƙo, da kuma dogon zare guda ɗaya mai fitar da saƙo. A jikin rassan akwai wasu ƙananan tsiro kamar ƙayoyi, kuma a kansu ne yawancin saƙonni suke sauka.

Wani masani ɗan ƙasar Sifaniya, Santiago Ramon y Cajal, wanda ya sami lambar Nobel a 1906, shi ya tsaya tsayin daka a kan cewa ƙwayoyin nan ba a haɗe suke kamar igiya ɗaya ba, kowace zaman kanta take yi. Tsakanin zaren wannan da reshen waccan akwai ɗan siririn rata, wanda za a kira mahaɗa. A cikin ƙwaya saƙo yana tafiya ne ta hanyar lantarki, amma idan ya iso mahaɗa sai ya zama dole a nemi ɗan aike.

Otto Loewi ne ya nuna haka a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a 1921. Ya cire zukatan kwaɗi biyu, ya sa kowace cikin ruwan gishiri, ya motsa jijiyar da ke rage bugun ta farko har ta lafa. Sa'an nan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, sai ita ma ta lafa. Ashe jijiyar wani sinadari take saki. Daga baya aka tabbatar cewa sinadarin shi ne asetilkolin, kuma Loewi da Henry Dale na Ingila suka raba lambar Nobel a 1936 saboda wannan aiki.

Ana iya kwatanta al'amarin da tsarin gidan Bahaushe. Kowace ƙwaya gida ce mai zauruka da yawa. Sinadarin da ƙwayar maƙwabta ta saki manzo ne, yakan zo zauren da aka tanada dominsa ya yi sallama, mutanen gida su ji su aikata abin da saƙon ya ƙunsa. Kowane irin manzo yana da irin zaurensa. Da ya gama isar da saƙo, sai a kawar da shi nan take domin a ba na bayansa wuri. Duk wani kayan maye yana aiki ne ta hanyar shiga tsakanin manzo da zaure. Manzanni biyu ne suka shafi wannan bayani: asetilkolin da serotonin.

4.0 Zaƙami: Mai Tare Zaure

Ganyen zaƙami da furensa da saiwarsa da 'ya'yansa duk suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi. Manya daga cikinsu su ne sikofolamin, wanda Albert Ladenburg ya fara tacewa a Jamus a 1880, da hayosayamin, wanda shi ne sashe mai aiki na atirofin. Siffarsu ta dace da wasu zaurukan asetilkolin, waɗanda masana suka kasa gida biyar. Sukan shiga zauren su zauna, ba su isar da saƙo, ba su kuma bar manzon gaskiya ya shiga ba. Sallama takan yi ta zuwa, amma mutanen gida ba su ji.

Idan aka san ayyukan asetilkolin, to, an san alamomin wanda ya sha zaƙami, domin kowace alama wani aiki ne da ya tsaya. Asetilkolin ne yake umurtar jiki ya fitar da yawu, saboda haka baki da maƙogwaro sukan bushe ƙayau. Shi yake sa a yi gumi, saboda haka fata takan bushe ta yi zafi, jiki kuma ya kasa sanyaya kansa. Shi yake tsuke tsakiyar baƙin ido, saboda haka ido yakan buɗe warai, haske ya riƙa damun mutum, ya kasa ganin abin da ke kusa. Shi yake riƙe linzamin zuciya kamar yadda Loewi ya gani a kwaɗo, saboda haka zuciya takan yi ta gudu. Shi yake matse mafitsara da hanji, saboda haka fitsari yakan riƙe.

A cikin ƙwaƙwalwa kuwa, akwai wani gungun ƙwayoyi a ƙasan sashenta na gaba waɗanda suke aika asetilkolin zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa da kuma sashen da yake ajiye sabon tunani. Aikin wannan saƙo shi ne ya sa mutum ya mai da hankali a kan abin da ido da kunne suke kawowa daga waje, ya kuma rubuta shi a ma'ajiya. Idan aka tare shi, abubuwa biyu sukan faru. Na farko, ƙwaƙwalwa takan kasa bambance abin da ke waje da abin da ita kanta ta ƙirƙira. Wannan ne ya sa ake ganin wanda ya sha zaƙami yana hira da mutanen da ba su nan, ko yana tsintar wani abu a iska ko a jikin rigarsa, kuma shi a wurinsa gaskiya ce tsantsa, bai ma san ya sha wani abu ba. Na biyu, ba a rubuta kome a ma'ajiya. Bayan kwana ɗaya ko biyu idan ya farfaɗo, sai dai a ba shi labarin abin da ya yi.

Wannan mantuwa sananniya ce ga likitoci. A farkon ƙarni na 20, a birnin Freiburg na Jamus, an riƙa yi wa mata masu naƙuda allurar sikofolamin haɗe da mofin, su haihu ba su tuna yadda aka yi ba, har daga baya aka daina saboda illolinta. A 1974 wasu masana biyu a Amurka, Drachman da Leavitt, suka ba matasa masu lafiya sikofolamin, suka tarar tunaninsu ya koma kama da na tsofaffi. A 1976 kuma Davies da Maloney a Birtaniya suka nuna cewa masu cutar mantuwar tsufa ta Alzheimer suna da ƙarancin abin da yake ƙera asetilkolin a ɓawon ƙwaƙwalwarsu. Watau saurayin da ya sha zaƙami ya aro wa kansa, na ɗan lokaci, wani yanki na halin da tsoho mai wannan cuta yake ciki.

Haɗarin yana ƙaruwa ta fuska biyu. Na ɗaya, ƙarfin sinadarin yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga sashe zuwa sashe, daga lokaci zuwa lokaci, don haka abin da wani ya sha ya tashi yana iya kai wani kushewa. Na biyu, mutumin da ba ya gumi, a zafin bazara irin na Gaya da Ajingi, zafin jikinsa yana iya hawa har ya kai ga farfaɗiya ko doguwar suma. Ga kuma rijiya da hanyar mota da wuta, waɗanda mai ruɗewa ba ya ganinsu yadda suke.

5.0 Guba Da Magani

Duk da haka, sinadaran zaƙami suna da gurbi a asibiti. Likitan ido yakan ɗiga atirofin don ya buɗe ido ya duba cikinsa. Tun a ƙarni na 19 ake sayar wa masu ciwon fuka taba da aka yi da ganyen dangin zaƙami a Turai, domin hayaƙin yana buɗe hanyoyin numfashi, kuma daga atirofin aka ƙera ɗaya daga cikin magungunan shaƙa na zamani. An kuma sarrafa sikofolamin aka yi maganin murɗar ciki, bayan an sauya siffarsa yadda ba zai iya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba.

Misali mafi kusa da manoman gero da dawa da wake na wannan yanki shi ne na maganin ƙwari irin su fiya-fiya. Wannan guba tana hana a kawar da asetilkolin bayan ya isar da saƙo, sai manzanni su cika zaure su yi ta sallama ba tsayawa. Alamominta kishiyar na zaƙami ne: yawu da gumi su yi ta zuba, ido ya tsuke, zuciya ta lafa. Maganin da likita yake ba wanda ya sha ta shi ne atirofin. Haka kuma makarin gubar zaƙami, watau faisostigmin, an tace shi ne a 1864 daga waken Kalaba, wanda a da mutanen Efik suke ba wanda ake tuhuma da maita. Shi ma waken guba ne mai kisa. Abin da ya raba guba da magani a duk waɗannan shi ne awo, da kuma sanin wanda za a ba da dalilin ba shi.

6.0 LSD Da Danginsa: Masu Shigar Burtu

Sinadaran rukuni na farko asalinsu nesa ne da ƙasar Hausa. Meskalin yana fitowa daga wani tsiron hamada na ƙasar Meziko, kuma Arthur Heffter ya tace shi a Jamus a 1897. LSD kuwa Albert Hofmann ne ya haɗa shi a 1938 a kamfanin Sandoz da ke Basel ta ƙasar Suwizalan, daga wata funfuna da ke kama zangarniyar wani hatsi dangin alkama. Bai san ƙarfinsa ba sai a watan Afrilu na 1943, lokacin da ya sha kashi ɗaya cikin 4,000 na giram ya ga duniya ta juya masa. Shi ne kuma a 1958 ya tace silosaibin daga wata lemar kwaɗi da mutanen Mazatek na Meziko suke amfani da ita a al'adunsu. A 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙulla a Biyana ta sa dukkansu cikin jerin da aka fi tsananta wa, bincike a kansu ya yi sanyi har kusan shekara 30. Zaƙami kuwa ba ya cikin jerin.

LSD da silosaibin siffarsu ta yi kama da ta serotonin. Serotonin yana da zauruka iri 14, amma wanda ya shafi gane-gane shi ne wanda masana suke kira 5-HT2A. A nan bambanci na farko ya fito: zaƙami tare zaure yake yi ya hana saƙo, su kuwa shigar burtu suke yi, su shiga da kamannin manzo su isar da saƙon da ba wanda ya aiko su da shi. A 1998 Franz Vollenweider da abokan aikinsa a Zurich suka tabbatar da haka, inda suka fara ba mutane wani magani mai toshe wannan zaure kafin su ba su silosaibin, sai gane-ganen bai zo ba. A 2017 kuma masana a Jami'ar North Carolina suka ɗauki hoton LSD zaune cikin wani zauren serotonin, suka ga wani sashe na zauren ya lanƙwaso ya rufe shi kamar murfi. Wannan yana daga cikin dalilan da suke sa mayensa ya kai awa 8 zuwa 12, alhali na silosaibin awa 4 zuwa 6 ne.

Zauren 5-HT2A ya fi yawa a jikin wasu manyan ƙwayoyi masu siffar dala da ke hawa na biyar na ɓawon ƙwaƙwalwa, waɗanda su ne suke tattara saƙonni su aika wa sauran sassa. Idan aka motsa su, sukan zama masu saurin tashi, su riƙa harbi ba bisa tsarin da suka saba ba. A 2012 Robin Carhart-Harris da abokansa a Kwalejin Imperial ta Landan suka duba ƙwaƙwalwar mutanen da aka ba silosaibin, suka ga jerin sassan da kan yi aiki tare idan mutum yana tunanin kansa da abin da ya wuce ya sassauta. A 2016 suka ga cewa a ƙarƙashin LSD sashen gani yana magana da sassan da a da ba ya hulɗa da su sosai. Wannan ya yi daidai da abin da masu sha suke faɗa, cewa launuka sun ƙara haske, bango yana motsi, lokaci ya miƙe, kuma iyakar da ke tsakaninsu da sauran abubuwa ta narke.

Bambanci na biyu a nan yake. Galibi wanda ya sha waɗannan yana sane da cewa sinadari ne yake nuna masa abin da yake gani, kuma yakan tuna shi daki-daki bayan shekaru. Mai zaƙami kuwa bai sani ba, bai kuma tuna ba.

7.0 Batun Tsirowar Rassa

Labarin gyaran ƙwaƙwalwa ya samo asali ne daga nan. An daɗe da sanin cewa doguwar damuwa tana sa rassan ƙwayoyin sashen gaba na ƙwaƙwalwa su ƙanƙance, ƙayoyinsu su ragu. A 2018 ɗakin binciken David Olson na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa ƙwayoyin ɓera da aka rena a faranti, idan aka zuba musu LSD ko danginsa, sukan fid da sababbin rassa da ƙayoyi. A 2021 ɗakin binciken Alex Kwan na Jami'ar Yale ya leƙa ƙwaƙwalwar ɓeraye masu rai, ya ga bayan an ba su silosaibin sau ɗaya ƙayoyin sun ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 a cikin kwana guda, kuma ƙarin yana nan bayan wata ɗaya.

Sai wata tambaya ta taso: tun da serotonin kansa yana shiga wannan zaure kullum, me ya sa shi ba ya sa wannan tsirowa? A 2023 ɗakin binciken Olson ya kawo amsa. Ashe da yawa daga cikin zaurukan 5-HT2A ba a bangon waje na ƙwaya suke ba, suna can ciki. Bangon ƙwaya na kitse ne, serotonin kuwa ba ya iya ratsa kitse, saboda haka iyakarsa ƙofar gida. Su kuwa sinadaran saikedelik suna narkewa cikin kitse, sai su wuce zaure su wuce shigifa su kai har cikin gida, inda manzon gaskiya ba ya shiga.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abubuwa huɗu game da wannan. Na ɗaya, rassa ne da ƙayoyi suke ƙaruwa a jikin ƙwayoyin da suke nan, ba sababbin ƙwayoyi waɗannan bincike suka nuna ba. Na biyu, a faranti da jikin ɓera aka ga haka. Na uku, tsirowar ƙayoyi ba kullum take zama alheri ba, domin tun a shekarun 1990 aka nuna cewa hodar iblis da amfetamin su ma suna ƙara ƙayoyi a sashen da ya shafi kwaɗayi, kuma ana danganta wannan da kamuwa da jarabar shaye-shaye. Na huɗu, gwaje-gwajen da aka yi wa mutane, kamar wanda aka buga a 2022 mai ɗauke da majinyata 233, an yi su ne da tataccen sinadari mai awo, a gaban ma'aikatan lafiya, bayan an tace an fitar da waɗanda ake tsoron taɓin hankali a kansu, domin waɗannan sinadarai suna iya tayar da shi. A watan Yuli na 2023 ƙasar Ostireliya ta yarda wasu zaɓaɓɓun likitocin taɓin hankali su ba da silosaibin ga masu damuwar da ta ƙi jin magani, kuma a bisa sharuɗɗa masu tsauri.

Domin cika gaskiya, shi ma sikofolamin an gwada shi a kan ciwon damuwa a Amurka a 2006, ta hanyar ƙarin ruwa da ɗan ƙanƙanen awo. Sakamakon farko ya ba da fata, amma gwaje-gwajen baya ba su zo da baki ɗaya ba, kuma bai zama maganin damuwa ba. Ko da ya zama, tsakanin awon likita da 'ya'yan zaƙamin da aka tsinka a juji akwai tafiya mai nisa.

8.0 Abin Da Ya Shafi Gida

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, ban da giya da taba, kuma a Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana iya tare kaya a tashar jirgi ko a kan hanya. Amma zaƙami ba ya biyo tasha, ba ya bukatar kuɗi, a bayan gida yake. Abin da zai tsare saurayi daga gare shi sani ne, haka kuma ƙaramin yaron da zai iya fasa ɗansa ya ci 'ya'yan da wasa, idon manya ne zai tsare shi.

Sanin alamomin yana iya ceton rai. Mutumin da ya wayi gari lafiya, kwatsam ya fara sambatu da tsince-tsince, sau da yawa akan ce iska ce ta taɓa shi ko sammu aka yi masa, a ɓata lokaci ana turare. Idan aka duba aka ga fatarsa a bushe da zafi, bakinsa a bushe, idonsa a buɗe warai, zuciyarsa tana gudu, to, a zargi zaƙami. Abin yi shi ne a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gaya, tare da ragowar abin da ya sha. Kada a ɗaure shi a rana, kada a doke shi, kada kuma a ɗura masa madara ko manja, domin wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙe su zuwa huhu.

9.0 Kammalawa

An ga cewa gane-gane yana da ƙofofi biyu a ƙwaƙwalwa. LSD da silosaibin da meskalin suna shiga zauren serotonin su isar da saƙon ƙarya, kuma a kansu ne ake binciken tsirowar rassa, binciken da har yanzu bai kammala ba. Zaƙami kuwa yana tare zauren asetilkolin ne, ya tsayar da yawu da gumi da natsuwa da tunani gaba ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban Hausa. Muddin kalmar maye ita kaɗai ce ake fassara duk waɗannan da ita a rediyo da jarida, mai sauraro zai ci gaba da ɗaukar labarin wani sinadari ya ɗora a kan wani. Ana bukatar kalmomin da za su raba su, kuma masu ƙirƙirar kalmomin suna da abin koyi a wurin magabatan da suka dubi wannan tsiro, ba su da madubin likita, suka kira shi haukata-yaro.